Nettie Stevens, matar da ta gano daga wajen wa jinsin jariri yake fitowa

Kowa ya san gidan da aka yi wa mace kishiya, ko ma aka sake ta, don kawai ɗiya mata take haihuwa. To, yau mun ɗauko muku tarihin wata Ba'amurkiya da ta rasu fiye da shekara ɗari, wadda aikinta ya taɓa wannan magana kai tsaye.

An haifi Nettie Stevens ranar 7 ga Yuli 1861 a garin Cavendish, cikin jihar Vermont ta Amurka. Mahaifinta kafinta ne. Uwar ta rasu tana ƴar shekara biyu. Ta yi karatu, ta zama malamar makaranta, wani lokaci kuma mai kula da ɗakin littattafai, tana tara ƴan kuɗinta. Sai a 1896, tana da shekara 35, ta shiga jami'ar Stanford. A shekarun da wasu ke cewa karatu ya wuce su, ita a nan ta soma. Ta samu digirin dakta a 1903 a kwalejin mata ta Bryn Mawr, bayan ta je Italiya da Jamus ƙaro ilimi.

Kafin mu faɗi abin da ta gano, bari mu ɗan shiga cikin jiki. Jikin mutum, da na akuya, da na hatsi, duk an gina su da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. A tsakiyar kowace ƙwaya akwai wasu zaruruwa da masana ke kira kuromozom, su ne ke ɗauke da gadon kama da siffa. Biyu-biyu suke, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba.

Idan jiki zai yi maniyyi ko ƙwan mace, ƙwayar tana yin wata irin rabuwa ta daban, wadda ake kira meyosis. Zaruruwan sukan ninka kansu sau ɗaya, amma ƙwayar ta rabu sau biyu. A rabuwar farko kowane zare yakan nemi abokinsa, su jeru a tsakiyar ƙwaya. Daga gefe biyu sai wasu siraran igiyoyi su miƙo su kama su. Siffar igiyoyin nan, tsakiya da kauri, baki biyu da tsini, ta yi kama da mazarin da kakanninmu mata ke kaɗi da shi, kuma sunan da masana suka ba su ke nan a harshensu. Su ne ke jan zare ɗaya nan, abokinsa can. A ƙarshe kowace sabuwar ƙwaya rabin adadin take samu. Ba don haka ba, da zaruruwan ɗa sun ninka na iyayensa, na jika su ninka na ɗa.

A nan Nettie ta sa ido. Ta ɗauki wani ƙwaro da tsutsarsa ke cin gari da dusa, tana yanka sassan jikinsa siriri ƙwarai, ta rina su, ta ɗora a madubi, ta ƙirga, ta zana da hannu. Aiki ne mai cin ido da haƙuri. A jikin macen ƙwaron ta sami zare 20, duk manya. A jikin namijin ma 20 ne, amma 19 manya, ɗaya ɗan ƙarami. Da ta bi rabuwar, sai ta ga ƙaramin nan yana jeruwa da wani babba, igiyoyi su raba su. Ke nan rabin maniyyin yana ɗauke da manya 10, rabi kuma manya 9 da ƙarami ɗaya. Ƙwan macen kuwa kullum manya 10 ne, babu canji. Idan mai babban ya shiga ƙwai, mace za a samu. Idan mai ƙaramin ne, namiji.

Ta buga wannan a 1905. A lokacin masana da yawa na ganin abinci ko zafi da sanyi ne ke sa a haifi namiji ko mace. Babban zaren shi ake kira X yanzu, ƙaramin kuma Y. Daga baya, a 1956, aka tabbatar mutum zare 46 gare shi, a 1959 kuma aka nuna cewa Y ne ke kawo namiji a jikin ɗan Adam. Uwa ba ta da Y da za ta bayar. Shi ma uban, kada a juya laifin kansa, ba shi ke zaɓen wanda zai riga isa ba.

A shekarar da ta buga aikinta, wani babban malami a jami'ar Columbia, Edmund Wilson, ya fitar da sakamako mai kama da nata. Shi sananne ne, ita kuwa mace ce da ta shigo fagen a makare, don haka shekaru da yawa sunansa aka fi ambata. Mu dai a ganinmu an rage mata haƙƙi, domin ƙwaron da ta zaɓa ya nuna ƙaramin zaren ƙarara, kuma ta fito fili ta faɗi ma'anarsa.

Ba ta yi aure ba, ba ta kuma daɗe a wannan aiki ba, shekara goma sha ɗaya ko sha biyu ne duka. Ta duba zaruruwan ƙwari iri-iri, har da ƙudan da ke bin ruɓaɓɓun ƴaƴan itace. Kwalejin Bryn Mawr ta tanadar mata kujerar bincike ta musamman, amma ciwon dajin nono ya riga ya kama ta. Ta rasu ranar 4 ga Mayu 1912 a wani asibiti a birnin Baltimore, tana da shekara 50, ba ta hau kujerar ba. An binne ta a Westford, garin da ta girma.