Tarihin Ibn Sina, Likitan Da Ya Koyar Da Ɗinkin Jijiya

An haifi Abu Ali Husaini Ibn Sina wajen shekarar 980 a ƙauyen Afshana kusa da birnin Bukhara, cikin ƙasar Uzbekistan ta yanzu. Yana ɗan shekara 10 ya haddace Alƙur'ani, kafin ya kai 18 kuwa har ya fara duba marasa lafiya. Da ya yi wa Sarkin Bukhara, Nuhu ɗan Mansur, magani, sai aka buɗe masa ɗakin littattafan fada.

Bayan daular ta rushe, ya yi ta ƙaura daga gari zuwa gari. A Hamadan ya zama waziri, daga baya aka tsare shi wata 4 a kurkuku, ya ɓad da kama ya gudu Isfahan. Duk da wannan ɗawainiya, a 1025 ya kammala littafinsa Alƙanun Fid Ɗibbi mai juzu'i 5, wanda aka fassara da Latin, aka yi ta karantar da shi a jami'o'in Turai har ƙarni na 17.

Mu Hausawa da sunan jijiya muke kiran hanyar jini da agara da kuma wadda ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Wannan ta ukun Ibn Sina ya yi wa dogon bayani. Ya nuna daga ƙwaƙwalwa da laka take fitowa, ita ke kawo ji da motsi, kuma dannewa ko kumburi ko yanka na iya sa gaɓa ta mutu. Ya yi bayanin karkacewar baki, ya kuma ba da shawarar a ɗinke jijiyar da ta tsinke.

Likitocin zamani sun ɗora a kan haka. A 1943 wani likitan Ingila, Herbert Seddon, ya kasa raunin jijiya gida 3: dannewa kawai, wadda kan warware cikin makonni, tsinkewar zaren ciki, wanda ke sake tsirowa kamar milimita 1 a yini, sai yankewa ɗungurum, wadda sai an yi tiyata.

Wannan magana ta shafi 'yan kasuwa, musamman 'yan dako da mata masu kayaye a Agbogbloshie, da teloli a Nima da Maamobi. Idan babban yatsa da manuni da na tsakiya suna mutuwa da dare, galibi jijiya ce ta matse a wuyan hannu, kuma ciwon suga na ƙara kawo haka. Wanda hannunsa ya fara rama, ko kaya ke suɓuce masa, ko ya daina ji bayan yankan wuƙa ko kwalba, kada ya tsaya shafa man zafi, ya garzaya asibiti, domin tsokar da ta daɗe ba jijiya da wuya ta farfaɗo.

Ibn Sina ya rasu a Hamadan cikin watan Ramadan, shekarar 1037, kuma kabarinsa na can a ƙasar Iran. Allah ya jiƙan magabata.