Muhammad al-Katsinawi

Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, wanda aka fi sani da Muhammad al-Katsinawi (ya rasu a shekarar 1741), malami ne Bafulatani daga ƙasar Katsina wanda ya shahara a ilimin taurari, lissafi, nahawu da manɗiƙi. Ya ƙare rayuwarsa a birnin Alƙahira na ƙasar Masar. Laƙabin al-Kishnawi ya samo asali ne daga yadda ake rubuta sunan Katsina a littattafan Larabci.

Karatu

Ya tashi a lokacin da Katsina ta riga ta yi suna a matsayin garin malamai, bayan zamanin Ɗan Marina da Ɗan Masani. Daga cikin malamansa akwai Muhammad al-Wali na ƙasar Bagarmi, da Muhammad Fodi, da Muhammad Bindu, wanda a wurinsa ne ya koyi ilimin wafaƙi da lissafi. Ya yi aikin hajji a wajajen shekarar 1730, ya zauna a Makka na wani lokaci, daga nan ya wuce Masar.

Ilimin taurari

Sararin samaniyar da al-Katsinawi ya nazarta ita ce wadda ido ke iya gani. Malaman zamaninsa suna lissafa taurari masu tafiya guda bakwai: Rana, Wata, Uɗaridu, Zahra, Mirrihu, Mushtari da Zuhal. Sun raba hanyar da suke bi zuwa buruji 12, suka kuma raba tafiyar Wata zuwa manziloli 28. Zahra ita ce Hausawa ke kira Zara matar wata. Manzili na uku kuwa, Surayya, shi ne curin taurarin nan da ake ce wa Kaza da 'ya'yanta, wanda mai lafiyar ido ke ƙirga shida ko bakwai a cikinsa idan dare ya yi duhu kuma babu hazo.

Wannan lissafi bai tsaya a cikin littafi ba. Har yau malamai da manoma daga Katsina zuwa ƙasar Gumel suna bin kwanakin taurari irin su Zira'a, Nasara, Ɗarfa da Jabha don sanin inda damina ta kai. Kowane tauraro yana da kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14, jimla kwana 365.

Littafinsa mafi girma a wannan fanni shi ne al-Durr al-Manzum, wanda ya kammala a Alƙahira a wajajen 1733 zuwa 1734. Ya gina shi ne a kan al-Sirr al-Maktum, littafin da ake danganta wa Fakhruddin al-Razi (ya rasu a 1210). A nan ne ake samun saɓani game da matsayin al-Katsinawi. Littafin ya haɗa bayanin buruji da manziloli da batun ɗalasimai da tasirin taurari a kan al'amuran mutane, abin da malamai da dama, ciki har da Ibn Taimiyya, suka soki littafin al-Razi a kansa tun da daɗewa. Marubutan zamani sukan kira al-Katsinawi masanin falaki kawai, amma wannan suna bai ɗauke duk abin da ya rubuta ba, domin a wurinsa lissafin tafiyar taurari da ilimin asirai suna tafiya ne tare.

A Turai kuwa an riga an ɗauki wata hanya. A shekarar 1610 Galileo ya wallafa zanen Kaza da 'ya'yanta kamar yadda ya gan ta a madubin hangen nesa, da taurari sama da 30. Shekara 40 bayan rasuwar al-Katsinawi, a watan Maris na 1781, wani makaɗi mai suna William Herschel ya gano Yuranus daga bayan gidansa a garin Bath na Ingila, da madubin da ya ƙera da hannunsa. Daga nan tsohon jerin bakwai ya daina wadatarwa.

Wafaƙi

A fannin lissafi an fi tunawa da shi saboda Bahjat al-Afaq, wanda ya rubuta a wajajen 1732. Wafaƙi, wanda Hausawa suka sani a jikin hatimi, shi ne jera lambobi a cikin gidaje masu kusurwa huɗu ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Mafi ƙanƙanta yana da gida tara, lambobi 1 zuwa 9, kowane layi 15. Al-Katsinawi ya bayyana hanyoyin gina waɗanda yawan layukansu mara ne, wato uku, biyar, bakwai da sauransu. A tsohuwar al'ada ana danganta mai layi uku da Zuhal, mai layi huɗu da Mushtari, har zuwa mai layi tara na Wata.

Ya kuma rubuta Bulugh al-Arab a nahawu, da Manh al-Quddus a manɗiƙi.

Rasuwa

A Alƙahira ya zauna a gidan Hasan al-Jabarti, malamin Azhar kuma masanin falaki, wanda ya karanci wafaƙi a wurinsa. A wannan gida ya rasu a shekarar 1154 ta Hijira, daidai da 1741, ya bar wa mai masaukinsa littattafansa. Hasan ne ya binne shi a maƙabartar Mujawirin. Ɗan Hasan, masanin tarihi Abdurrahman al-Jabarti, wanda aka haifa bayan rasuwar al-Katsinawi, shi ya rubuta tarihinsa a cikin Aja'ib al-Athar. A ƙarni na 20 Hassan Ibrahim Gwarzo ya yi nazari a kan aikinsa a 1967, sannan Claudia Zaslavsky ta gabatar da wafaƙansa ga masu karatun Turanci a littafinta Africa Counts na 1973.