Rufaida Al-Aslamiyya da Tantinta na Jinya a Masallacin Madina

Tambaya: Mu matasa ne daga Dutsin-Ma da Kurfi. Muna so mu riƙa zama a asibiti da majinyatan da ciwo ya ci ƙarfinsu, kuma babu kowa nasu a kusa. Wasu sun ce wannan al'adar Turawa ce. Shin an yi haka a cikin magabata?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah.

Ya kai ɗan'uwa, ka sani an yi, kuma a cikin masallacin Annabi (SAW). Mai aikin ita ce Rufaida, Allah Ya yarda da ita, sahabiya daga ƙabilar Aslam. Ibn Ishaƙ ya ambata cewa tana da tanti a masallacin, tana yi wa masu rauni magani, tana kuma hidimta wa duk Musulmin da ya rasa mai kula da shi, don neman lada wurin Allah. Ka lura da wannan na biyun, domin shi ne abin da ka tambaya. Ba danginta take jinya ba, kuma ba albashi ake ba ta ba.

A yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan hijira, kibiya ta sami Sa'ad bin Mu'az, shugaban Aus, ta yanke masa jijiyar hannu. Sai Annabi (SAW) ya yi umarni a kwantar da shi a tantin Rufaida don ya riƙa duba shi daga kusa. Bukhari ya kawo a Al-Adabul Mufrad cewa yakan biya safe da yamma ya tambaye shi yadda ya kwana da yadda ya yini. Daga nan aka ɗauki Sa'ad a kan jaki ya je ya yanke hukunci a kan Banu Ƙuraiza. Bayan haka raunin ya fashe, jini ya kwarara har tantin mutanen Banu Gifar da ke maƙwabtaka da shi, kuma wannan ciwon ne ajalinsa. Shi ne wanda ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Al'arshi ya girgiza don rasuwarsa. Majinyacinta da aka fi sani bai tashi ba ke nan, amma malaman tarihi da alheri suka ambaci jinyar.

Ibn Sa'ad ya kira mai tantin da sunan Ku'aiba 'yar Sa'ad, ya ce ta halarci Khaibar.

Idan za ku yi koyi da ita, ku nemi izinin hukumar asibiti da na dangi idan akwai su, maza wajen maza, mata wajen mata. Ku ƙarfafa wa majinyaci kyakkyawan zato ga Allah. In ajali ya matso, a laƙƙana masa kalmar shahada a hankali, kada a matsa masa. In ya faɗa a ƙyale shi, sai in ya yi wata maganar daban. Fuskantar da shi alƙibla da rufe masa ido bayan ya cika, duk za ka same su a babin jana'iza na Risala.

Allah ne Mafi sani.