Imam Sahnun, alƙalin Ƙairawan da ya hana rantsuwa da igiyar aure

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, 'yan'uwa, duk ɗalibin da ya zauna gaban malami a zangonninmu ya karanci Ahalari da Ishmawi, ya wuce Iziyya da Risala, har ya kai ga Muhtasar, to ya sha daga rijiyar wani bawan Allah da ba kowa ne ya san tarihinsa ba. Wannan bawan Allah shi ne Imam Sahnun, mai littafin Mudawwana. Mun zaɓi tarihinsa ne saboda abubuwa biyu da suka fi kawo mutane zauren liman a yau, wato rikicin aure da saki, da kuma kuɗin jama'a da ake tarawa domin taimako, duk ya fuskance su a rayuwarsa.

Asalinsa da neman iliminsa

Sunansa Abdussalam ɗan Sa'idu ɗan Habibu Attanuhi, alkunyarsa Abu Sa'id. Sahnun laƙabi ne, sunan wani tsuntsu, an sa masa shi saboda kaifin hankalinsa a cikin mas'aloli. An haife shi a shekara ta 160 bayan Hijira (777 Miladiyya). Mahaifinsa mutumin Himsa ne ta ƙasar Sham, ya zo Afirka ta Arewa cikin rundunar sojoji. Sahnun ya tashi a Ƙairawan, birnin da Uƙbatu ɗan Nafi'u ya kafa, a ƙasar da ake kira Tunisiya a yanzu.

Ya yi karatu a wurin malaman garinsu irin su Bahlulu ɗan Rashid, sannan ya tafi Tunis wurin Aliyu ɗan Ziyad, wanda ya kawo Muwaɗɗa ta Imam Malik wannan yanki. Lokacin da Imam Malik ya rasu a Madina a shekara ta 179, Sahnun yana da shekara goma sha tara. Ya so ya je ya zauna gabansa, amma rashin guzuri ya hana shi, kuma ya rayu yana tuna cewa talauci ne ya raba shi da ganin Malik. Ɗaliban da ke karatu cikin ƙunci su lura da wannan: mutumin da ya rasa kuɗin tafiya Madina shi ne wanda littafinsa ya zama madogarar mazhabar Malik har yau.

A shekara ta 188 ya sami hali ya tafi Misira. A can ya lizimci Abdurrahman ɗan Ƙasim, wanda ya shekara kusan ashirin tare da Malik, ya kuma ɗauki ilimi daga Ibnu Wahbi da Ashhabu. Ya yi aikin Hajji, ya ji hadisi daga Sufyanu ɗan Uyaina da wasunsa, ya dawo gida a shekara ta 191.

Yadda aka sami Mudawwana

Kafin Sahnun, wani malamin Ƙairawan mai suna Asadu ɗan Furat ya yi karatu wurin Malik, ya wuce Iraƙi wurin almajiran Abu Hanifa, sannan ya zo Misira ya jera wa Ibnul Ƙasim tambayoyi yana rubuta amsoshinsa. Wannan littafi shi ake kira Asadiyya. Sahnun ya ɗauki kwafinsa ya koma da shi wurin Ibnul Ƙasim, suka bi shi mas'ala bayan mas'ala. Inda Ibnul Ƙasim ya yi shakka a da, ya tabbatar. Inda ya sauya ra'ayi, aka gyara. Ibnul Ƙasim ya rubuta wa Asadu cewa ya daidaita nasa da na Sahnun, Asadu bai yarda ba, sai mutane suka karkata ga na Sahnun. Shi kuwa Asadu, Allah Ya ba shi wata falalar: shi ya jagoranci rundunar da ta shiga tsibirin Siƙilliya a shekara ta 212, a can ya rasu.

Sahnun ya tsara babobin littafin, ya ƙara masa hadisai da maganganun sahabbai da tabi'ai. Ibnu Abi Zaid mai Risala ya taƙaita shi, Baraɗi'i ma ya taƙaita shi a cikin Tahzib, kuma Shehu Halil a cikin Muhtasar yana yawan nuni zuwa gare shi. Ta wannan hanya hukunce-hukuncensa suka ƙetare Sahara suka iso mana.

Abin da littafin ya tanadar wa ma'aurata

Babobin aure da saki suna cikin manyan sassan Mudawwana, kuma wanda ya karanta su zai ga cewa shari'a ba ta bar mace a rataye ba. Matar da mijinta ya ɓace a ƙasar Musulmi, ba a san yana raye ko ya mutu ba, tana kai ƙara ga hukuma, a bincika, idan ba a same shi ba a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, ta halatta ga wani. Mijin da ya gaza ciyarwa, alƙali yana ba shi wa'adi, idan bai samu ba a sakar masa, amma yana da kome idan ya sami abin ciyarwa kafin idda ta cika. Wanda ya rantse ba zai kusanci matarsa ba, bayan wata huɗu ana tsayar da shi, ko ya koma ko ya saka. Matar da ta biya dukiya ta yi hul'i, daga baya ta tabbata cewa cutarwar miji ce ta tilasta ta, rabuwar tana nan amma sai ya mayar mata da dukiyarta. Idan rigima ta yi tsanani, ana tura masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga danginta, kuma idan suka ga babu gyara, suna da ikon raba auren. Sakin wanda aka tilasta kuwa ba ya aukuwa, kuma a kan wannan fatawa ce aka yi wa Imam Malik bulala a Madina.

Jarrabawa da karɓar alƙalanci

A zamaninsa fitinar cewa Alƙur'ani halitta ne ta iso Ƙairawan, kuma alƙalin garin, Ibnu Abil Jawad, yana kan wannan ra'ayi. Sahnun ya ƙi yin sallar jana'iza a bayansa. Sarki Ziyadatullah ya ba da umarnin a yi masa bulala ɗari biyar, sai wazirinsa ya shiga tsakani aka fasa. Daga baya an sake gurfanar da shi a kan wannan magana, ya tsaya a kan aƙidar magabata, aka tsare shi a gidansa aka hana shi karantarwa da fatawa, har Allah Ya kawo sauyi.

A shekara ta 234, yana da shekara saba'in da huɗu, Sarki Muhammadu ɗan Aglab ya naɗa shi alƙali bayan ya daɗe yana roƙonsa yana ƙi. Bai karɓa ba sai da aka yarda da sharaɗinsa, cewa hukuncinsa zai hau kan dangin sarki da fadawansa kamar yadda zai hau kan talaka. Ranar da aka naɗa shi ya shiga wurin 'yarsa Hadiza, mace mai ilimi da yake shawara da ita, cikin baƙin ciki, yana kwatanta kansa da wanda aka yanka ba da wuƙa ba. Bai karɓi albashi don kansa ba, sai dai ya karɓar wa magatakardansa da ma'aikatansa.

An gwada wannan sharaɗi ba da daɗewa ba. Sojojin sarki sun murƙushe wani bore a Tunis, wasu daga cikin manyansu suka kamo mata 'yantattu suka mayar da su kamar kuyangi. Sahnun ya aika aka fito da matan daga gidajen, ya tabbatar da 'yancinsu. Sarki ya aiko a mayar da su ga waɗanda suka kamo su, ya ƙi, ya nuna ya fi son a tuɓe shi da ya yi haka. A ƙarshe sarki ne ya janye.

Daga cikin abin da Alƙali Iyal ya ambata game da shi a littafinsa Tartibul Madarik, akwai cewa yana ladabtar da masu rantsuwa da saki ko da 'yanta bawa, domin kada mutane su rantse da wanin Allah. Dalilin wannan tsanani a fili yake. A mazhabar Malik, wanda ya rataya sakin matarsa a kan wani abu, abin nan ya auku, to saki ya auku. Mutum yana ciniki a kasuwa ko yana musu a majalisa, ya rantse da igiyar aurensa a kan abin da bai kai ya kawo ba, matarsa tana gida tana girki ba ta san an sake ta ba. Sahnun ya ga cewa tare harshe tun kafin ya furta ya fi sauƙi a kan neman mafita bayan igiya uku ta tsinke.

Dukiyarsa da dukiyar jama'a

Sahnun manomi ne, yana da gonar zaitun, yana aiki a cikinta da hannunsa. An ruwaito cewa amfanin gonar yana kai dinari ɗari biyar a shekara, amma shekara ba ta ƙarewa sai bashi ya hau kansa saboda yawan sadaka. Da dukiyarsa haka yake, hannu a sake. Da dukiyar wasu kuwa, ba ya sassauci ko kaɗan. Kafin shi, ajiyar mutane tana zama ne a gidajen alƙalai. Shi ya fitar da ita ya danƙa ta ga amintattun mutane da aka sani, domin kada kuɗin amana ya cakuɗa da na mai hukunci. Ya kuma keɓe ɗaki a masallaci inda yake zaman shari'a, ba mai shiga sai masu ƙara da shaidunsu, wanda hakan sutura ce ga ma'auratan da ke faɗin sirrin gidansu.

Masu tarihi ba su ɓoye wani al'amari mai nauyi ba. An kai ƙarar tsohon alƙali Ibnu Abil Jawad a kan ajiyar wasu magada da ya musanta. Sahnun ya tsare shi, ya sa aka yi ta yi masa bulala, har ya rasu a tsare, kuma an ruwaito cewa abin ya dami Sahnun ƙwarai. Malamanmu mutane ne, ba ma'asumai ba, kuma wanda aka ba hukunci a hannu ya ji tsoron wuce iyaka ko da yana ganin gaskiya na tare da shi.

Rasuwarsa

Ya rasu a watan Rajab na shekara ta 240 (854 Miladiyya) yana kan kujerar alƙalanci, yana da kimanin shekara tamanin, aka binne shi a Ƙairawan. Ya bar ɗalibai masu yawa, daga cikinsu akwai ɗansa Muhammadu, mai littafi a kan ladubban malaman makaranta, da Yahaya ɗan Umar, mai littafi a kan hukunce-hukuncen kasuwa.

Abin da ya rage a kanmu

Da yawa daga cikinmu muna zaune a garuruwan da babu alƙalin shari'a, daga zangon Kumasi zuwa unguwannin Hausawa na Yawunde. Malaman Malikiyya sun bayyana cewa inda babu alƙali, jama'ar Musulmi masu adalci suna tsayawa a matsayinsa. Saboda haka matar da mijinta ya tafi ci-rani shekara da shekaru, ba aike ba labari, nauyinta yana kan limamai da dattawan unguwa, su saurare ta, su bincika, su bi matakan da littattafai suka shimfiɗa, tare da kiyaye dokar ƙasar da ake ciki game da rajistar aure da rabuwa. Maza kuma su bar rantsuwa da aure, da wasa ko da fushi.

Haka nan kuɗin da ake tarawa bayan sallar Juma'a domin marayu da zawarawa da marasa lafiya, kada ya kwana a aljihun liman ko na shugaban kwamiti, komai amincinsa. A naɗa ma'aji, a rubuta shiga da fita, a karanta wa jama'a lissafi. Wannan kariya ce ga kuɗin, kuma kariya ce ga mutuncin malamin kansa.

Allah Ya jiƙan Imam Sahnun da malamansa da ɗalibansa, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya zaunar da gidajenmu lafiya, Ya ba mu ikon riƙe amana. Amin.