Hans Berger, Likitan da Ya Auna Lantarkin Ƙwaƙwalwa

An haifi Hans Berger a ƙasar Jamus a shekarar 1873, ya kuma yi aikin likita a Jami'ar Jena. A 1924 ya auna ɗan lantarkin da ƙwaƙwalwar mutum ke fitarwa. Don gudun kuskure, shekara biyar ya yi yana maimaita gwajin, har a kan ɗansa, kafin ya bayyana sakamakon. Duk da haka masana suka yi biris da shi, sai a 1934 aka gaskata shi a Ingila. Ya rasu a 1941.

A yau likitoci kan sa ido kan ƙwaƙwalwar yaro da irin na'urarsa yayin tiyatar zuciya, domin ƙarancin jini kan lalata ta cikin 'yan mintoci.