Albert Calmette: Likitan da allurarsa ta tarin fuka ke maganin kansar mafitsara

Jariran da ake haifa a Najeriya, daga Dalijan da ke jihar Kebbi har zuwa Legas, akan yi musu allurar BCG domin kariya daga tarin fuka. Ita ce ke barin ɗan tabon nan a saman hannu. Harafin C da ke cikin sunan allurar na nufin Albert Calmette.

An haifi Calmette a birnin Nice na ƙasar Faransa a ranar 12 ga watan Yulin 1863. Ya fara aiki a matsayin likitan sojan ruwa, inda aiki ya kai shi Gabon. A 1891 ya kafa cibiyar bincike ta Pasteur a Saigon, a ƙasar Vietnam, sannan a 1894 ya haɗa maganin dafin maciji.

A 1895 aka ba shi shugabancin cibiyar Pasteur da ke Lille. A can ne shi da wani likitan dabbobi mai suna Camille Guérin suka duƙufa kan tarin fuka. Tun daga 1908 suka riƙa renon ƙwayar cutar tarin shanu a kan dankalin turawa da ruwan matsarmamar sa, suna sauya mata mazauni har sau 230. Bayan shekara 13, ƙwayar ta yi raunin da ba ta iya haddasa cuta, amma tana iya tayar da garkuwar jiki. A 1921 aka fara ba wani jariri ita a birnin Paris.

Sai dai a 1930 jarirai fiye da 70 sun mutu a garin Lübeck na Jamus bayan an ba su rigakafin. Bincike ya gano cewa a ɗakin gwajin garin ne maganin ya gurɓata da ƙwayar cuta mai ƙarfi, aka kuma wanke Calmette. Al'amarin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya rasu a Paris a ranar 29 ga watan Oktoban 1933.

Shekara 43 bayan rasuwarsa aka gano wani amfanin BCG. A 1976 Dokta Alvaro Morales na Jami'ar Queen's da ke Kanada ya wallafa sakamakon gwaji a kan marasa lafiya 9 masu kansar mafitsara. Hukumomin Amurka sun amince da hanyar a 1990.

Bayan an yi tiyata an cire ƙarin, akan zuba maganin cikin mafitsara ta robar fitsari sau ɗaya a mako har tsawon mako 6. Garkuwar jiki kan taso domin yaƙar ƙwayar, ta haɗa da ragowar ƙwayoyin kansar.

Maganin yana aiki ne idan cutar ba ta kai ga ratsa tsokar mafitsara ba. Haka kuma ba a dogara da shi a irin kansar da tsargiya ke jawowa, wadda likitoci ke yawan gani a yankunan fadama da bakin kogi na arewacin Najeriya. Shi ya sa suke jan hankalin duk wanda ya ga jini a fitsarinsa da ya hanzarta zuwa asibiti tun cutar ba ta yi nisa ba.