Amedee Frezier: Ɗan Leƙen Asirin Da Ya Kawo Uwar Sitirobari

Masu sayar da kayan marmari a Abuja da Legas sun san sitirobari, jajayen 'ya'yan nan da ake kawowa daga gonakin Jihar Filato. To, tarihin wannan iri yana komawa ne ga wani sojan Faransa mai suna Amedee Frezier.

An haife shi a garin Chambery a 1682. Injiniyan soja ne, gwanin ginin ganuwa da zanen taswira. A 1712 Sarki Luwi na 14 ya aike shi ƙasashen Cile da Peru, waɗanda a lokacin suke hannun Sifen, don ya leƙo asirin ganuwoyinsu da tashoshin jiragen ruwansu. Ya shiga da sunan fatauci.

A garin Concepcion na Cile ya ga wani sitirobari mai manyan 'ya'ya farare-farare. Asalinsa tsiron daji ne na gaɓar teku, amma 'yan ƙabilar Mapuche sun daɗe suna nomansa. Na Turai kuwa ƙanana ne ƙwarai. Saboda haka da zai koma gida a 1714 sai ya ɗauko dashensa. Wata shida suka yi a teku, ruwan sha ma aunawa ake yi, duk da haka aka riƙa ba shukar ruwa, har guda biyar suka isa Marseille da ransu.

Sai dai an yi rashin sa'a. Wannan iri kamar dabino yake, akwai namiji akwai mace. Frezier ya zaɓi masu 'ya'ya, ashe duk mata ya kwaso. Suka yi ta yaɗo suna fure, ba haihuwa. Daga baya manoman yankin Brest suka lura cewa idan an dasa su kusa da wani iri, kamar na Virginia da aka kawo daga Amurka ta Arewa, sai su yi 'ya'ya. Haɗuwar baƙin nan biyu a ƙasar da ba tasu ba ita ce ta haifi sitirobarin da duniya take nomawa yau. Wani masanin tsirrai, Antoine Duchesne, ya bayyana haka a littafinsa na 1766.

Frezier ya buga labarin tafiyarsa a 1716. Daga bisani ya zama shugaban aikin ganuwoyi a Brest, inda ya mutu a 1773 yana da shekara 91. Taswirorin da aka aike shi dominsu suna ajiye a ɗakunan tarihi, abin da ya ɗauko a matsayin tsaraba kuwa shi ne yake ciyar da manoma har yanzu.